Neman Komawa Kujera a Borno: Daga Ibrahim Imam zuwa Muhammadu Goni

Tun daga 1951, lokacin da aka fara zaɓen wakilan Lardin Borno zuwa Majalisar Dokokin Arewa da ke Kaduna, duk wakilin da wa'adinsa ya ƙare sai ya koma gida ya roƙi a mayar da shi. Roƙonsa ya sha bamban da na sabon ɗan takara. Sabo alkawari yake yi, ba wanda zai kama shi da ƙarya sai gaba. Wanda ya riga ya zauna a kujera kuwa, mutane sun ga kamun ludayinsa, dole ya faɗi abin da ya yi, ya kare abin da bai yi ba, ya kuma bayyana dalilin da ya sa yake tare da waɗanda yake tare da su. A Borno wannan tambaya ta ƙarshe ce ta fi nauyi. Tarihin zaɓukan Maiduguri ya nuna cewa aikin da mutum ya yi bai cika tsayar da shi ko kayar da shi ba kamar jam'iyyar da ya dawo a ƙarƙashinta, da matsayinsa a wurin masu riƙe da hukuma.

Al'adar ta zo ne da tsarin majalisa irin na Ingila. A can, tun ƙarni na 18, ɗan majalisa mai neman komawa yakan buga wasiƙa a jarida zuwa ga masu zaɓen gundumarsa, ya gode musu, ya lissafa hidimarsa, ya nemi su sake ba shi amana. Edmund Burke, wanda mutanen Bristol suka zaɓa a 1774, ya gaya musu tun ranar farko cewa zai bi abin da hankalinsa ya ga ya dace ko da ya saɓa wa son ransu. Da ya dawo a 1780 ya tarar sun riƙe maganar, sai ya janye kafin a gama zaɓe. A Borno wasiƙar jarida ba ta da wannan tasiri. Gaskiya Ta Fi Kwabo tana zuwa daga Zariya, akwai kuma Albishir da aka riƙa bugawa domin lardin a shekarun 1950, amma masu karatun boko kaɗan ne. Roƙon da baki ake yin sa, da Barbarci a yawancin ƙasar Shehu, da Larabcin Shuwa a rugage, da Baburanci a Biu, da Hausa a kasuwanni da unguwannin baƙi irin su Hausari.

Wa ake roƙo?

A zaɓen 1951 talaka bai zaɓi ɗan majalisa kai tsaye ba. Maza baligai masu biyan haraji sukan taru a ƙauye su fitar da wakilai, waɗannan su je gunduma su fitar da wasu, a yi ta tacewa har a kai taron ƙarshe na lardi, inda 'yan kaɗan za su zaɓi masu zuwa Kaduna. A wannan mataki na ƙarshe doka ta ba En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, damar ƙara nata mutane, kashi 10 cikin 100. Mata ba su da ƙuri'a sam, kuma haka aka ci gaba a Arewa har Jamhuriya ta Farko ta faɗi.

Ke nan mai neman kujera ba taron jama'a ya fi buƙata ba. Abin da yake buƙata shi ne yardar sarautun da jama'a ke ƙarƙashinsu. A sama akwai Shehu Umar Sanda Kyarimi, wanda ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1967, da Waziri da majalisarsa. Ƙarƙashinsu akwai ajiya mai riƙe da gunduma, sai lawan mai riƙe da gari, sai bulama mai unguwa ko ƙaramin ƙauye. Bulama shi ke ƙidayar masu haraji, shi ya san shanun da za a karɓi jangali a kansu, shi ke raba gona. 'Yan doka na En'e ne, kotun alƙali ta En'e ce, gidan yari ma haka. Izinin yin lacca a fili daga En'e ake nemansa. Ɗan takarar da ya shiga gari bai fara sauka a ƙofar lawan ya yi gaisuwa ya ajiye goro ba, ya riga ya yi rabin asara kafin ya buɗe baki. Galibin 'yan majalisar farko ma'aikatan En'e ne ko malaman makarantunta, don haka roƙonsu na komawa bai wuce nuna cewa har yanzu fada tana tare da su ba.

Ibrahim Imam

Mutumin da ya fara gwada wata hanya dabam shi ne Ibrahim Imam. An haife shi a 1916, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya yi aiki a sashen ayyuka na En'en Borno har ya zama mai kula da sashen. Ya shiga majalisar Kaduna a 1951, ya kuma zama babban sakataren Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, a lokacin da take kafuwa. Mutum ne mai kaifin harshe a majalisa, wanda ake sauraro ko ba a yarda da shi ba. A 1954 ya ajiye muƙamin ya bar jam'iyyar, yana ƙorafin cewa ba ta da niyyar gyara mulkin En'e. A shekarar ce aka kafa Ƙungiyar Samarin Borno, BYM, wadda ya zama ubanta, ta ƙulla ƙawance da NEPU ta Malam Aminu Kano.

Saboda haka da zaɓen majalisar Arewa na 1956 ya zo, Ibrahim Imam yana neman komawa kujerar da ya hau a matsayin ɗan gida, amma yanzu a matsayin ɗan hamayya. Abubuwa biyu suka taimake shi. Na farko, a wannan karon an ba wasu birane damar zaɓe kai tsaye, kuma Yerwa, wato tsohon garin Maiduguri da Shehu Abubakar Garbai ya koma a 1907, cike take da direbobi, teloli, mahauta, ƙananan 'yan kasuwa da leburori, mutanen da abincinsu bai rataya ga gonar da bulama ke rabawa ba. Na biyu, En'en Borno tana cikin abin kunya. Zargin almundahana ya sa wazirai biyu sun sauka a jere, har aka ɗauko Shettima Kashim Ibrahim, wanda ya riƙe minista a Legas da Kaduna, aka naɗa shi Waziri a 1956 domin ya gyara gidan. Ɗan hamayya bai buƙatar ƙirƙiro laifi. Abin da kowa ke faɗa a Kasuwar Litinin shi yake maimaitawa a lasifika.

Hujjarsa ga masu zaɓe ta bambanta da ta abokan karawarsa. Ba shi da rijiya ko asibitin da zai nuna, don ba shi ke riƙe da baitulmali ba. Abin da zai nuna shi ne bakinsa: ya yi magana a Kaduna kan haraji da jangali, kan zaluncin masu karɓarsu, kan kotunan da talaka ba ya samun gaskiya a cikinsu, ya kuma bar babban muƙami saboda wannan. BYM ta ci kujeru biyu a lardin, shi kuma ya koma majalisa, inda ya zama jagoran 'yan hamayya.

Nasarar ba ta daɗe ba. Ƙawance da NEPU ya lalace, BYM ta koma wajen jam'iyyar AG ta Cif Obafemi Awolowo. Ta fuskar lissafi akwai hikima a ciki: AG tana da kuɗi, da motoci, da lauyoyin da za su tsaya wa waɗanda aka kama, kuma tana goyon bayan a ƙirƙiro sababbin jihohi, BYM kuwa tana neman jihar Arewa maso Gabas da za ta raba Borno da mulkin Kaduna. Ta fuskar siyasar gida kuwa, an miƙa wa NPC makami. Ya zama da sauƙi a ce wa mutumin Konduga ko Magumeri waɗannan samari sun raina Shehu, yanzu kuma sun sayar da ƙasar ga baƙi daga Kudu. A 1958 rikici ya ɓarke a Maiduguri tsakanin magoya bayan ɓangarorin biyu, aka kama 'yan BYM da dama, ƙungiyar ta karye, zaman garin ya gagari shugabanta.

Abin da ya biyo baya ba kasafai ake ganin irinsa ba. A zaɓen majalisar Arewa na 1961 Ibrahim Imam ya sake neman kujera, amma ba a Yerwa ba. A ƙasar Tibi ya tsaya, ɗaruruwan mil daga gida, da goyon bayan Joseph Tarka da jam'iyyarsa ta UMBC, wadda ita ma ke ƙawance da AG. Babarbare Musulmi ya roƙi ƙuri'ar mutanen da ba ya jin harshensu, suka kuma ba shi, domin abin da suke buƙata a Kaduna shi ne mai iya tsayawa gaban gwamnatin NPC ta Sardauna ya yi magana, kuma Tarka ya ce shi ne. Jihar Arewa maso Gabas da ya nema ta samu a 1967, da hedikwata a Maiduguri, amma da dokar soja ta Yakubu Gowon aka yi ta.

Akwati da alama

Zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959 shi ne na farko da kowane namiji baligi a Arewa ya jefa ƙuri'a kai tsaye kuma a asirce. Yadda aka tsara rumfar zaɓen ya shafi yadda ake roƙon. Mai zaɓe zai karɓi takarda guda, ya shiga bayan labule ko zana shi kaɗai, ya tarar da akwatuna a jere, kowane ɗan takara da nasa, an manna alamar jam'iyyarsa a jiki. Ba rubutu zai yi ba, jefawa kawai zai yi. Fartanya ta NPC ce, tauraro na NEPU, bishiyar kwakwa ta AG, zakara na NCNC. Don haka duk doguwar lacca a kan alama take ƙarewa. Motar jam'iyya mai lasifika a ka za ta tsaya a gefen kasuwa ranar da take ci, makaɗa da masu algaita su tara jama'a, ɗan takara ya yi bayani, sannan wani ya ɗaga hoton fartanya sama a yi ta nanatawa har yaro ma ya haddace. Magoya bayan NPC su ce "Salama", na NEPU su ce "Sawaba". Awolowo ya zo Arewa da jirgi mai saukar ungulu a wannan kamfe, abin da ya tara 'yan kallo fiye da masu jefa ƙuri'a.

Sirrin ƙuri'a bai cire tsoro ba. Mutumin ƙauye ya san bayan an ƙirga za a san inda yankinsu ya karkata, ya kuma san wanda zai zo karɓar haraji baɗi. NPC ta ci kujeru 134 cikin 312 na majalisar tarayya, kuma Borno tana cikin wuraren da ta fi ƙarfi. Zanna Bukar Dipcharima, wanda ke majalisar tun 1954 kuma minista ne, ya koma. Waziri Ibrahim da Shettima Ali Monguno suna cikin waɗanda suka ci.

Roƙon ɗan jam'iyya mai mulki yana da sauƙin tsari. Ya nuna abin da gwamnati ta kawo, ya jingina shi ga kansa. Rijiyoyin burtsatse da suka fara fitar da ruwa a yankin Tafkin Chadi, makarantun firamare, ɗakunan shan magani, sai kuma babban abin nuni, hanyar jirgin ƙasa. An fara shimfiɗa ta a 1958 da rancen Bankin Duniya na dala miliyan 28, ta bi ta Bauchi da Gombe, ta iso Maiduguri a 1964, shekarar da aka sake zaɓen tarayya. Ɗan majalisar da ke da dogo a bayansa ba ya buƙatar dogon jawabi. A gaskiya ma da yawa ba su yi jawabin ba, domin a zaɓen 30 ga Disamba 1964 an ayyana 'yan takarar NPC masu yawa a Arewa a matsayin waɗanda suka ci ba hamayya, yayin da ƙawancen 'yan hamayya na UPGA ke kukan an hana mutanensa miƙa takardun tsayawa, har ya ƙaurace wa zaɓen a wurare da dama. Juyin mulkin Janairun 1966 ya rufe wannan babi na shekara 13.

Goni a 1983

Da siyasa ta dawo a 1979, filin ya canza. An karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon sarakuna, mata sun samu ƙuri'a, shekarun zaɓe sun sauko zuwa 18. Jihar Borno da aka ƙirƙiro a 1976, wadda a lokacin ta haɗa da Yobe ta yau, ta faɗa hannun GNPP, jam'iyyar Waziri Ibrahim mai taken "siyasa ba da gaba ba". Ɗan takararta Muhammadu Goni, haifaffen Kareto a 1942, ya zama gwamnan farar hula na farko. A karon farko masu hamayya da gwamnatin tarayya ne ke riƙe da baitulmalin Maiduguri.

Ba a yi wata huɗu ba aka ga abin da hakan ke nufi. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta NPN ta sa aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jiha, aka tsallakar da shi zuwa Chadi bisa cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta soke korar ta tabbatar masa da 'yancinsa na ɗan ƙasa. A jihar da iyalai da yawa ke da dangi a Chadi da Nijar da Kamaru, wannan shari'a ta taɓa mutane a jika, ta kuma zama jari ga GNPP: ga abin da suke yi wa ɗan Borno idan ya ƙi bin su.

Da a ce jam'iyyar ta kai 1983 a dunƙule, da Goni ya shiga zaɓe da hujjoji biyu masu ƙarfi, ayyukan gwamnatinsa da wannan ƙorafi. Amma ta dare. Goni yana cikin gwamnoni tara na UPN da PRP da GNPP da suka riƙa taro suna neman haɗa kai a kan NPN, kuma tafiyar ta raba shi da Waziri Ibrahim. Sabuwar jam'iyyar da ɓangarorin suka so kafawa, PPP, hukumar zaɓe ta FEDECO ta ƙi yi mata rajista. Dokar lokacin ba ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba. Gwamna mai ci ya rasa inuwar da ya shigo da ita, sai ya nemi wa'adi na biyu a ƙarƙashin UPN, jam'iyyar Awolowo.

Roƙon nasa ya zama mai hawa uku, kuma kowane hawa da matsalarsa. Dole ya lissafa ayyuka: makarantu, hanyoyi, ruwan sha, da gidan rediyo da talabijin na jiha, BRTV, wanda ya kafa domin tashoshin tarayya suna hannun abokan hamayya. Sai dai farashin man fetur ya faɗi tun 1981, gwamnatin Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982, kason jihohi ya ragu, ayyuka suka tsaya a ko'ina cikin ƙasar, albashi ya riƙa makara. Manyan ayyukan da ido ke gani, irin su Jami'ar Maiduguri da noman rani na kudancin Tafkin Chadi, na tarayya ne, NPN ke da bakin alfahari da su. Dole kuma ya yi magana kan zaman lafiya, ga tarzomar mabiya Maitatsine a Bulumkutu ta Oktoban 1982 ba ta bar zukata ba, ga arangamar sojojin Nijeriya da na Chadi a tsibiran tafki a 1983, alhali 'yan sanda da soja ba a hannun gwamna suke ba. Hawa na uku ya fi duka wuya: ya koya wa mutanen da ya ce su dangwala wa wata alama a 1979 su dangwala wa wata dabam yanzu, ya kuma bayyana musu dalilin da ya sa ya rabu da mutumin da ya tsayar da shi. UPN tana da shirin ilimi kyauta da magani kyauta, abin da ke da daɗin ji a jihar da ke baya a karatun boko, amma zargin da aka yi wa Ibrahim Imam shekara 25 da suka wuce yana nan a ajiye, ba a sha wahalar zaro shi ba.

Lokacin zaɓen ma bai taimaka ba. A watan Agusta aka yi shi, tsakiyar damina, lokacin da baƙar ƙasar firgi ta wajen Dikwa da Marte da Ngala ke riƙe tayar mota, manoma kuma suna gona. Tsarin mulkin 1979 ya shar'anta wa gwamna, bayan rinjaye, ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, a jihar da ta miƙe daga Nguru zuwa Gwoza. Wanda ya fi motoci da wakilai a rumfuna shi ya fi isa ko'ina. An yi zaɓen shugaban ƙasa a ranar 6 ga Agusta, Shagari ya koma, sannan aka yi na gwamnoni a ranar 13, bayan kowa ya riga ya san inda mulkin tarayya ya tsaya. Ƙuri'un tsohuwar GNPP sun rabu gida biyu, masu cewa "Aminci" kuwa, wato 'yan NPN, suna wuri guda. Aka ayyana Asheik Jarma na NPN a matsayin wanda ya ci.

Jam'iyyun hamayya sun yi zargin maguɗi a zaɓen 1983 a faɗin ƙasar, kuma a Ondo kotu ta juya sakamakon. Amma maguɗi kaɗai ba zai bayyana abin da ya faru a Borno ba. A Kano, inda NPN ba ta ci ba, Abubakar Rimi ya bar PRP ya nemi komawa a ƙarƙashin NPP, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Gwamnonin biyu suna da ayyukan nunawa da farin jini, dukansu kuma sun dawo wurin masu zaɓe da alamar da ba ita aka san su da ita ba. Jarma ya karɓi mulki a ranar 1 ga Oktoba, sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu a ranar 31 ga Disamba.

Abin ya sake maimaita kansa a Jamhuriya ta Huɗu. Mala Kachalla ya ci gwamna a 1999 a ƙarƙashin APP, ya saɓa da masu ƙarfi a jam'iyyar, ya nemi wa'adi na biyu a 2003 a ƙarƙashin AD, wadda ita ma tushenta magoya bayan Awolowo ne, Ali Modu Sheriff na ANPP ya kayar da shi. Sheriff ne gwamnan Borno na farko da aka sake zaɓa, a 2007, a jam'iyyar da ya hau da ita. Goni ya sake tsayawa a 2011 a ƙarƙashin PDP, shekara 28 bayan ya bar gidan gwamnati, Kashim Shettima na ANPP ya yi nasara a kansa.